Ma'aikaci mai larurar otizim da shugabansa: Inda magana ke yankewa da yadda ake ɗinke ta

Ranar 2 ga Afrilun kowace shekara ce Ranar Wayar da Kai kan Larurar Otizim ta Duniya, wadda Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ita a Disamban 2007. Yawancin jawaban da ake yi a wannan rana kan tsaya ne a kan yara: yadda za a gane alamu da wuri, da wace makaranta za ta karɓe su. Amma yaro yakan girma, ya kammala karatu, ya nemi aiki. Daga ranar da ya karɓi takardar ɗauka, abin da ya fi yanke hukunci kan ko zai ɗore a wurin ko zai bar shi ba ƙwarewarsa ba ce kaɗai, har da irin maganar da ke gudana tsakaninsa da wanda yake ƙarƙashinsa.

Mece ce larurar?

Otizim, wadda wasu kafofin labarai na Hausa kan kira galahanga (kalmar da akan yi amfani da ita ga wasu larurorin daban ma), yanayi ne da ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun daga ƙuruciya, kuma yana tare da mutum tsawon rayuwarsa. Ba taɓin hankali ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Yana bayyana a yadda mutum ke mu'amala da fahimtar zance, da son tsari marar canzawa, da zurfafa a kan abin da yake sha'awa, da kuma yadda yake jin ƙara, haske, ƙamshi ko taɓawa. Likita Leo Kanner ne ya bayyana shi a Amurka a 1943 bayan nazarin yara 11, Hans Asperger kuma ya rubuta nasa bayanin a Ostiriya a 1944. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kimanin yaro ɗaya cikin 100 na da larurar.

Masu ita sun bambanta ƙwarai. Akwai wanda ba ya magana kuma yake buƙatar kulawa kullum, akwai kuma injiniya ko akanta ko malamin jami'a wanda abokan aikinsa ba su san komai ba illa cewa "yana da nasa hali". Na biyun nan shi ake yawan samu a ofis, kuma sau da yawa shi kansa babu likitan da ya taɓa gaya masa sunan abin da ke tare da shi.

A Birtaniya, rahoton da Sir Robert Buckland ya jagoranta, wanda aka fitar a Fabrairun 2024, ya nuna cewa kusan uku ne kacal cikin goma na masu otizim da suka kai shekarun aiki ke da aikin yi, alhali a tsakanin masu buƙata ta musamman gaba ɗaya kusan biyar ne cikin goma, a tsakanin sauran jama'a kuma kusan takwas.

Rashin fahimtar daga ɓangare biyu take

An daɗe ana ɗaukar cewa matsalar sadarwa tana wajen mai larurar shi kaɗai. A 2012 wani masani ɗan Birtaniya, Damian Milton, wanda shi ma yana da otizim, ya kawo wata fahimta dabam: kamar yadda mai otizim ke wahalar karanta nufin sauran mutane, haka su ma suke wahalar karanta nasa. Binciken da Catherine Crompton da abokan aikinta suka wallafa daga Jami'ar Edinburgh a 2020 ya ƙarfafa wannan, inda aka riƙa ba mutum labari ya gaya wa na gaba, na gaba ya gaya wa na gabansa, aka kuma ga cewa masu otizim suna isar wa junansu saƙo daidai da yadda marasa ita ke isar wa nasu.

Amfanin wannan ga shugaba a bayyane yake. Idan aiki ya ɓaci, tambayar farko ba ita ce "me ya sa bai gane ba?", a'a, "me aka faɗa masa, kuma me aka bari ya hasasa da kansa?"

Umarnin da ba a furta ba

A nan ne aka fi samun tangarɗa, kuma a nan ne al'adar ofisoshin Nijeriya ke ƙara mata nauyi. Babba ba ya cika fitowa ƙarara ya ce abu na gaggawa ne. Yakan leƙo ya ce, "Malam, in ka samu sarari ka ɗan duba mana fayil ɗin nan." Duk wanda ya saba ya san ma'anarta ita ce a ajiye komai a duba shi yanzu. Ma'aikaci mai otizim kuwa yana iya ɗaukar kalmomin yadda suka zo: bai samu sarari ba, domin yana kan wani aikin da shi shugaban ya ba shi jiya, don haka fayil ya kwana. Washegari shugaba ya ga raini, ma'aikaci ya ga an zalunce shi, kuma kowannensu yana da hujja.

Haka abin yake ga "nan ba da jimawa ba", da "kwana biyu", da "a gyara shi ya yi kyau". Haka ga habaici da gugar zana da karin magana, waɗanda Bahaushe ke ɗauka hanyar gyara ba tare da kunyata mutum ba. Ga wasu masu otizim, gyaran da aka lulluɓe shi haka bai iso ba sam.

Maganin ba tsada gare shi. Umarni ya ƙunshi abin da za a yi, da ranar da ake buƙatarsa har da ƙarfe nawa, da siffar da zai zo a ciki, da wanda za a miƙa wa. Idan akwai ayyuka uku a kan teburi, shugaba ya faɗi wanda ke gaba, domin tsara fifiko tsakanin ayyuka masu kama da juna na daga cikin abin da ke yi wa da yawansu wuya. Bayan an faɗa da baki a bi shi da rubutu, ko da layi biyu ne ta imel ko WhatsApp. Rubutu yana ba mutum damar komawa ya karanta a natse, yana kuma raba gardama. Nuna samfurin aikin da aka taɓa yi aka yaba ya fi doguwar bayani. A ƙarshen magana, tambayar "ka gane?" ba ta da wani amfani, tunda kusan kowa "e" yake cewa a gaban oga, ya fi kyau a nemi ya faɗi matakin da zai fara da shi.

Wani abin da shugabanni kan yi wa mummunar fassara shi ne yawan tambaya. Ma'aikacin da ya ce, "Ranka ya daɗe, me ya sa za a yi shi haka?" sau da yawa ba gardama yake ba. Yana neman dalilin ne domin da shi yake gane iyakar umarnin, da inda zai yi aiki da inda ba zai yi ba. Shiru na 'yan daƙiƙu kafin amsa ma ba taurin kai ba ne. Wasu na buƙatar lokaci su tace abin da suka ji, kuma maimaita tambayar da wasu kalmomi kafin su amsa yakan mayar da su farko.

Gyara da yabo

Gyara ya zo da wuri, a keɓe, kuma a kan abu takamaimai. "Rahotonka bai yi ba" ba ya koyar da komai. "Shafi biyu ake so, ka kawo tara, ka bar jadawalin kuɗi da shawarwarin, ka cire tarihin aikin" abu ne da za a iya aiwatarwa gobe. Mafi muni shi ne a yi shiru wata da watanni ana kawaici, sai a wayi gari an miƙa wa mutum takardar tuhuma, ko a rubuta "ba ya da haɗin kai" a fom ɗin auna ƙwazo na shekara, kan laifin da bai taɓa sanin yana yi ba. Ganawa ta minti goma a rana ɗaya tsayayya kowane mako tana hana irin wannan taruwa.

Yabo ma yana buƙatar a furta shi. Da yawansu ba sa karanta gamsuwa a fuskar shugaba, kuma rashin jin komai yakan sa su zaci aikinsu ba ya tafiya daidai.

A ɗaya ɓangaren, shugaba ya shirya jin gaskiya ba tare da ado ba. Ma'aikaci mai otizim yana iya cewa a gaban taro, "Lissafin nan kuskure ne," ba tare da gabatarwar ban-girma da aka saba ba. A wurin da girman babba ke da daraja, wannan yana da zafi. Abin da ya dace shi ne a raba abin da ya faɗa da yadda ya faɗe shi: a duba lissafin, sannan daga baya a bayyana masa a fili cewa irin wannan gyara a ofis ake kawo shi kafin taro. Ƙa'idar da aka faɗa masa ƙarara, galibi zai riƙe ta fiye da kowa.

Taro, canji da hayaniya

Taron da aka kira ba zato, ba ajanda, mutum biyar na magana lokaci guda, wuri ne da gudummawar irin wannan ma'aikaci ke ɓacewa. Aika ajanda tun da wuri, da barin ƙofa a buɗe ga wanda ke son turo ra'ayinsa a rubuce bayan an tashi, suna dawo da ita. Canjin jadawali, ko na teburi, ko na shugaba, a sanar da shi da wuri gwargwadon iko, tare da faɗin abin da zai canza da abin da zai zauna yadda yake.

Akwai kuma abin da ba magana ba ne amma yana cinye magana. Rurin janareta a bayan taga, fitila mai ƙyafta ido, rediyon abokin aiki, turare mai ƙarfi: abubuwan da wasu ba sa ma lura da su suna iya cika kan mai otizim har ya kasa bin zance. Idan abin ya yi yawa wani yakan yi gum, wani ya fice, wani ya fashe da kuka ko faɗa. Lokacin ba na wa'azi ba ne ko taron jama'a a kansa. A ba shi wuri mai shiru, a yi maganar bayan ya dawo daidai. Mayar da teburinsa nesa da ƙofa, ko ƙyale shi ya sa abin toshe kunne, ya wadatar a lokuta da dama.

Batun haɗa ido kuwa ya ɗan bambanta da na Turai, inda kawar da kai kan jawo zargin rashin gaskiya. A ƙasar Hausa sunkuyar da kai a gaban babba ladabi ne, don haka wannan ba ya cika zama laifi. Gaisuwa ce ke zama: wanda ya wuce teburin shugaba bai tsaya ya tambayi gajiya da iyali ba, ko bai je suna da ta'aziyya ba, nan da nan za a ce yana da girman kai. Abokin aiki guda da aka amince da shi, wanda zai riƙa fayyace masa irin waɗannan al'adun ofis da ba a rubuta su ko'ina ba, yana rage wannan sosai. Da yawa suna koyon kwaikwayon duk waɗannan halaye su ɓoye nasu daga safe zuwa yamma, amma hakan na tattare da gajiya mai tsanani da damuwa.

Nauyin da ke kan ma'aikaci

Shugaba ba ya iya gyara abin da bai sani ba. Ma'aikacin da ya iya faɗin buƙatarsa a aikace, kamar "ina roƙon a riƙa turo mini umarni a rubuce" ko "wanne zan fara yi a cikin biyun nan?", ya fi samun biyan buƙata a kan wanda ya tsaya ga ambaton sunan larurar. Wasu kan rubuta shafi guda da ke bayyana yadda suka fi iya aiki, da abin da ke rikita su, da alamar da za a gane sun kai maƙura, su ba sabon shugaba.

Bayyana larurar kanta zaɓinsa ne, kuma yana da dalilin yin taka-tsantsan a inda har yanzu wasu ke danganta ta da aljanu ko sammu. Idan ya bayyana, amana ce a hannun shugaba, ba labarin da za a kai wa sauran ma'aikata ba sai da izininsa. Shugaban da ke zargin wani na da otizim kuma ba aikinsa ba ne ya laƙaba masa suna. Yana iya tambayarsa yadda ya fi son a ba shi aiki, kamar yadda zai tambayi kowa.

Abin da doka da kamfanoni suka yi

Nijeriya ta tabbatar da amincewarta da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Buƙata ta Musamman a 2010, wadda sashe na 27 nata ya tanadi haƙƙin aiki da yin sassauci mai ma'ana a wurin aiki. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar haramta nuna musu wariya ta 2018, wadda ta buƙaci hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, kuma a ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa a 2020. Sai dai idan ana maganar aiwatar da ita, hankali ya fi karkata ga abin da ido ke gani, kamar hanyar keken guragu a ƙofar gini. Sassaucin da mai otizim ke buƙata ba a gina shi da siminti.

A ƙasashen waje, Thorkil Sonne ya kafa kamfanin Specialisterne a Denmak a 2004 bayan an gano larurar a jikin ɗansa, domin ɗaukar masu otizim aikin gwajin manhajojin kwamfuta. Kamfanin SAP ya fara nasa shirin a 2013, Microsoft kuma a 2015. Abin da waɗannan shirye-shirye suka yi tarayya a kai shi ne rage dogaro da hirar ɗaukar aiki ta gaba da gaba, a ba mai nema aiki na gwaji a ga abin da zai iya, sannan a horar da shugaban da zai yi aiki da shi. Amma ba kowane mai otizim ne gwanin kwamfuta ko lissafi ba. Ana samunsu a ɗakin gwaje-gwaje, da ɗakin karatu, da gidan jarida, da garejin kanikanci, kuma shugaban da ya karanta labarin wani kamfani a Turai har yanzu sai ya zauna da nasa ma'aikacin ya tambaye shi.