Furotin na HER2 da Maganin Sankarar Mama

HER2 wani furotin ne da ke zaune a bisa fatar ƙwayoyin jikin ɗan Adam, wanda aikinsa na asali shi ne isar da umarnin girma da rarrabuwa zuwa cikin ƙwayar. Amma idan ƙwayar gadon da ke haifar da shi ta ninku fiye da ƙima, sai ya yawaita, ƙwayoyin su dinga hayayyafa ba ƙaidi, har cutar daji ta sami gindin zama.

A shekarar 1987 ne Dennis Slamon da abokan bahasinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka kafa hujja cewa matan da sankarar mamansu ke ɗauke da wannan yawaita, cutar ta fi saurin komo musu. Adadinsu kuwa ya kai kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na masu wannan lalura. Bisa wannan ilmi kamfanin Genentech ya haɗa maganin trastuzumab, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998, mai manne wa furotin ɗin ya danne saƙonsa.

Hikimar al'amarin ita ce, likita ba ya ba da maganin sai an yanki ɗan tsokar ƙarin an auna yawan furotin, domin wadda ba ta da yawaitar ba za ta amfana ba, alhali maganin na iya raunana zuciya. Tun 2010 ana amfani da shi a wasu nau'o'in sankarar ciki.