Gulbin Tana da gundumarsa ta bakin teku

Duk wanda ya taɓa jin taken ƙasar Kenya a filin wasannin tsere, to ya ji muryar matan gulbin Tana ko da bai sani ba. A shekarar 1963, lokacin da ƙasar take shirin karɓar mulkin kai, waɗanda aka ɗora wa aikin tsara taken sun ɗauko karinsa daga wata waƙar reno ta Pokomo, manoman da ke zaune a gaɓar wannan gulbi. Sai dai yankin da ya ba ƙasa karin takenta yana cikin waɗanda aka bari baya wajen hanyoyi da makarantu.

Tana shi ne gulbi mafi tsawo a Kenya, kusan kilomita 1000. Ya taso daga duwatsun Aberdare da dutsen Kenya, ya ratsa busasshiyar ƙasa har Garissa, sannan ya juya kudu ya faɗa tekun Indiya kusa da Kipini. Gundumar da ta ci sunansa tana da mutane kimanin 316,000 bisa ƙidayar 2019, babban garinta kuwa shi ne Hola. Manyan garuruwanta, wato Madogo da Bura da Hola da Garsen da Kipini, duk a jere suke bin ruwa, domin da zarar mutum ya yi nisa da gulbi sai ƙaya da fako. Pokomo na noman shinkafa da masara da ayaba da mangwaro a fadama, Orma da Wardei kuma na kiwon shanu, suna gangarowa mashaya da rani.

Tarihin wurin ya girme zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Kusa da Kipini akwai kufan Ungwana, tsohon birnin Suwahilawa mai masallatai da kaburbura na dutse, wanda aka watse daga cikinsa wajen ƙarni na 17. Makarantun boko kuwa ƴan mishan suka kawo su. A shekarun 1880 ƴan ɗarikar Methodist sun kafa zango a Golbanti, a 1887 kuma Jamusawan mishan na Neukirchen suka sauka a Ngao, suka rubuta harshen Pokomo da baƙaƙen boko, suka koyar da karatu a cikinsa. Ta haka ƴaƴan manoman ƙasan gulbi suka riga ƴaƴan makiyaya shiga aji, kuma wannan rata ta daɗe tana bin su wajen samun aikin gwamnati.

Sunan Hola ya shiga kunnen duniya ta baƙar hanya. A zamanin tawayen Mau Mau, Turawan mulkin Ingila sun kafa sansanin tsare mutane a can. Ranar 3 ga Maris 1959 masu gadi suka doki fursunonin da suka ƙi aikin tilas, har 11 suka rasu. Da farko hukuma ta ce ruwan da suka sha ne ya kashe su, amma binciken gawarwaki ya tona asiri. Maganar ta tada ƙura a majalisar Landan, aka ɗage dokar ta-ɓaci a Janairun 1960, ƙasar ta samu ƴanci ranar 12 ga Disamba 1963. Don a binne abin kunya an sauya wa garin suna zuwa Galole, sai a 1971 aka mayar masa da sunansa. Yau akwai makarantar sakandare ta ƴan mata a Hola mai ɗauke da sunan Mau Mau.

Bayan mulkin kai, abin da ya fi sauya rayuwar gundumar daga sama ya zo. Tsakanin 1968 da 1988 an gina madatsun ruwa biyar a saman gulbin don samar da wutar lantarki: Kindaruma, Kamburu, Gitaru, Masinga da Kiambere. Wuta ta tafi birane, ambaliyar da take malale fadama sau biyu a shekara ta ragu, kuma ta daina zuwa kan lokaci. Da fadama ta ƙanƙance, sai gona da burtali suka matsi juna, ga kuma manyan ayyukan noman shinkafa da rake da ake ta neman wa fili. A 2012, shekarar da aka sa fadamar bakin tekun cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a cikinta ne rikici tsakanin Pokomo da Orma ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu a watannin Agusta da Satumba.

Mu da muka ga yadda Gulbin Maraɗi ya sauya bayan gina madatsar Jibiya ba mu buƙatar tafinta don fahimtar wannan labari. Malamin da zai koyar da Tana kada ya tsaya ga tsawonsa da mafarinsa. Ya kafa taswira, ya nuna wa ɗalibai inda aka tare ruwan da inda ake jiransa, sannan ya tambaye su wa aka shawarta kafin a tare shi.