Boris Ɗin PTO Na Tsohuwar Tarakta: Abin Da Ke Kashe Shi Da Yadda Ake Sauya Shi

A bayan kusan kowace taraktar noma akwai wata gajeriyar sandar ƙarfe mai haƙora da ta leƙo waje tsakanin tayoyin baya. Makanikai suna kiran ta PTO. Ita ce ke miƙa ƙarfin injin tarakta ga na'urorin da ba su da injin kansu, kamar injin casa, famfon ban-ruwa, injin feshi da garmar da ke marmasa ƙasar fadamar shinkafa. Kamfanin International Harvester na Amurka ne ya fara sayar da tarakta mai ita a 1918. Samfurin da ya fi yawa a tsofaffin taraktoci yana da haƙora shida da kaurin milimita 35, kuma yana juyawa sau 540 a minti ɗaya, wato sau tara a kowace daƙiƙa.

Abin da ke riƙe wannan sanda ta juya daidai shi ne boris, zobba biyu na ƙarfe da ƙwallaye a tsakaninsu, sai kuma robar da ke tare mai, wadda ake kira sil. Boris bai fi tafin hannu ba, amma mutuwarsa na iya kwantar da tarakta gaba ɗaya. Dalili kuwa, a taraktoci irin Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, mai guda ne ke yi wa giyabos da gatarin baya da famfon ɗaga garma aiki. Idan boris ya farfashe, ɓarɓashin ƙarfensa yakan bi man ya shiga famfon, daga nan garma ta daina ɗaguwa, gyaran yini ɗaya ya koma na makonni.

Boris ba ya mutuwa farat ɗaya. Yakan fara da ƙugi idan an saka PTO, mai ya riƙa tsattsafowa a gindin sandar, wurin ya yi zafi. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a kashe inji, a zare makulli, a kama sandar a girgiza ta sama da ƙasa, a kuma ja ta waje. Lafiyayya ba ta yin wasa.

Ƙarancin mai da shigar ruwa cikinsa su ne manyan masu laifi. Man da ruwa ya shiga yakan yi fari kamar madara. Akwai kuma igiyar buhu ko ciyawa da ke naɗewa a gindin sandar har ta cinye sil. Wani dalilin da direbobi ba su cika lura da shi ba shi ne tsawon sandar da ke haɗa tarakta da na'ura. Tana da ɓangare biyu da ke shiga cikin juna, kuma idan ta yi tsawo fiye da kima, duk lokacin da aka ɗaga na'urar ko aka sha kwana sai ta tokare, ta tura PTO ciki da ƙarfin da ba a ƙera boris ya ɗauka ba. Wanda ya sauya boris bai rage wannan sanda ba zai sake dawowa gareji kafin kaka.

A yawancin tsofaffin samfura ana zare sandar ta baya, ba sai an raba tarakta biyu ba. Ana tsiyaye mai, a kwance kusoshi ko zoben ƙarfen da ke riƙe mazaunin sil, sannan a jawo sandar tare da boris ɗinta. Kafin a ja, wajibi ne a duba littafin samfurin don sanin inda za a ajiye hannun PTO, domin a wasu taraktocin akwai giyar da ke iya zamewa a ciki da zarar sandar ta fita.

Wajen saka sabo ne ake yawan yin ɓarna. Lambar boris tana rubuce a jikin zobensa, kuma da ita ake saye, ba da ƙiyasin ido ba. A lamba irin 6207, alƙaluma biyu na ƙarshe idan aka ninka su sau biyar suna ba da faɗin ramin, wato milimita 35. Ana ɗumama boris zuwa kimanin digiri 100 don ya ɗan buɗe, a tura shi da bututun da ya zauna kan zoben ciki kaɗai. Dukan zoben waje da guduma yana lotsa hanyar ƙwallaye, sai sabon boris ya shiga aiki da rauni. Sil ma sabo ake sawa, kuma idan tsohon ya ci rami a jikin sandar, sai an yi wa wurin riga ko an sauya ta, in ba haka ba yoyo zai dawo. Daga ƙarshe a wanke ciki da matacin famfo, a zuba sabon mai, a mayar da murfin kariya. Sandar da ke juyawa sau tara a daƙiƙa takan naɗe hannun babbar riga ko bakin rawani kafin mutum ya kai ga ihu.

Aikin bai fi ƙarfin makanikin karkara ba. Wahalar tana wajen samun boris na gaske, domin a kasuwannin kayan gyara irin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, mai saye sai ya buɗe ido ya bambance na asali da jabu da kuma tsohon da aka wanke aka mayar a kwali. A ƙarshen shekarun 1970 Najeriya ta kafa masana'antar harhaɗa taraktocin Steyr a Bauchi da ta Fiat a Kano, amma har yau daga waje ake shigo da irin waɗannan ƙananan sassa. Saboda haka idan gwamnatin jiha ta jera sababbin taraktoci a filin taro, tambayoyin da suka dace a yi wa kwamishina su ne ko kwangilar ta haɗa da kayan gyara, wane dillali ne zai ajiye su a jihar, kuma makanikai nawa aka horar kafin a miƙa makullai.