Abin Wuyan Inna da Kuɗin Sarauniyar Ostiriya

Lokacin da aka sa ranar auren ƙanwata, sai muka buɗe adudun kakarmu, Allah Ya jiƙanta, ko za a sami abin da za a ƙara wa amarya. A can ƙasa, cikin wani ƙullin tsumma, muka tarar da ɗan abin wuya na azurfa da ya yi baƙi don daɗewa, samansa zagaye kamar zobe, ƙasansa kuma da 'yan kunnuwa uku. Inna mutuniyar Damagaram ce, da shi ta zo Kano tana amarya. Ni ce na kawo shawarar a kai wa maƙeri ya narka shi, ya ƙera zobe irin wanda na gani a waya, ƙirar Dubai.

Maƙerin, wani dattijon Buzu, ya daɗe yana jujjuya abin a tafin hannunsa kafin ya ce, "'Yata, narkawa ba wuya, kafin la'asar an gama. Amma kin san an taɓa narka shi sau ɗaya? Wannan da can kuɗi ne." Na ce, "Baba, wane irin kuɗi?" Amsar da ya ba ni ce ta sa na shiga bin diddigi, ga kuma abin da na samo.

Kuɗin da yake nufi shi ne kwabbar azurfa mai hoton Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya. An fara buga shi a 1741, ita kuma ta rasu a 1780, amma saboda yadda fatake suka amince da shi sai aka ci gaba da bugawa ana sa masa shekarar 1780 ɗin, ko da kuwa bayan shekara ɗari aka buga. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗori, kuma kashi 83 cikin ɗari azurfa ce. Ya bi ayarin raƙuma ya keta Sahara, ya shiga kasuwannin Borno da ƙasar Hausa da Abzin. Maƙeran Abzinawa, waɗanda ake kira inadan, ba su da mahaƙar azurfa a kusa, don haka wannan kuɗi ya zama abin da suke jefawa a wuta.

Yadda suke aikin kuwa, mai karatu, shi ne a fara siffanta abin da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. In ta huce sai a fasa yumɓun. Wato kowane guda yana da uwarsa da ake fasawa, ba a sake haifar irinsa sak. Daga nan a goge, a zauna da ɗan tsinken ƙarfe ana zana masa ado layi bayan layi.

To ina suke samo siffar? A nan ne abin ya ƙara burge ni. Duk wanda ya taɓa ganin sirdin raƙumin Buzaye ya san gabansa na da yatsu uku a tsaye, kuma zai ga kamanninsa da wannan abin wuya da Turawa ke kira giciyen Agadas, su kuwa masu shi suke kira tanagilt. Haka zanen da ke jikinsa, 'yan ɗigo-ɗigo da kusurwoyi, irin na jakar fata ne da kuben takobi. Abin da ido ya saba gani a gida shi hannu yake ƙerawa.

Sai dai ba na gida kaɗai ba. Akwai wani jan dutse mai siffar zobe da tsini, talhakimt, da matan Sahara ke ratayawa a wuya ko su sa a kitso. Da farko daga Kambay ta Indiya ake kawo shi. A ƙarni na 19 masu sassaƙar dutse na garin Idar-Oberstein a Jamus suka shiga yin sa da dutsen da suke sayowa daga Barazil, musamman don kasuwar Afirka. Na Ingal, mai jan ido a jikin azurfa, ɗan'uwan wannan ne. Kun ga ke nan a wuyan mace guda an haɗa azurfar Ostiriya da dutsen Barazil da hannun maƙerin Abzin.

Ko wahala ma ta haifar da sabuwar ƙira. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobin masu gidan da inadan ke yi wa aiki, sai maƙeran suka gangaro birane suna sayar wa baƙi. A wannan zamani ne jerin nan na guda 21 ya yi ƙarfi, kowanne da sunan gari, na Agadas, na Tawa, na Damagaram, na Bilma, na Ingal da sauransu. A shekarun 1990 har kamfanin Hermès na Faransa ya riƙa sayar da kan bel na azurfa da maƙeran Abzin suka zana.

Abin da na fahimta shi ne aro ba laifi ba ne, da aro aka gina sana'ar tun asali. Bambancin kawai, su maƙeran da in sun ari abu sai sun narka shi ya koma nasu. Ni kuwa so na yi a narka namu ya koma na wasu, a kwafo hoton waya ba ragi ba ƙari.

Ban bari an taɓa abin wuyan Inna ba. Dattijon ya wanke shi ya fito fes, sannan da wata azurfar daban ya ƙera wa amarya 'yan kunne. Ya ɗauki zagayen da kunnuwan ukun, a tsakiya kuma ya zana dagi, wanda ya ce a bangon wani tsohon gida ya gan shi a hanyarsa ta zuwa masallaci. Ranar kamu, ƙawayenta sai tambaya suke daga wace ƙasa aka kawo mata su.