2.3 Yadda Ɗaliban Manyan Digiri Suka Sami Kafar Wallafa Ayyukansu a Fagen Nazarin Naƙasa

A wannan ɓangare za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku suka kai ga samun mujallar kansu a fagen nazarin naƙasa. Amma kafin a kai ga nan, ya zama wajibi a waiwayi asalin fagen, domin ba a cikin jami'a aka haife shi ba.

A shekarun 1960 akwai wani gidan kula da naƙasassu mai suna Le Court a yankin Hamsha ta ƙasar Ingila. Mazauna gidan sun daɗe suna takun-saƙa da hukumar gidan a kan abubuwan da suka shafi rayuwarsu ta yau da kullum, kamar lokacin kwanciya barci da 'yancin fita. Sai suka nemi masana su zo su yi bincike, bisa zaton za su sami masu mara musu baya. Eric Miller da Geraldine Gwynne na Cibiyar Tavistock su ne suka yi aikin, suka fitar da littafin A Life Apart a 1972. Littafin ya nuna cewa wanda aka kai irin wannan gida tamkar ya riga ya mutu ne a idon al'umma, aikin gidan kuwa shi ne kula da shi har ajalinsa ya zo. Wannan ya yi wa mazaunan ciwo ƙwarai. Ɗaya daga cikinsu, Paul Hunt, ya rubuta martani mai zafi inda ya kwatanta masu binciken da ƙwari masu rayuwa a jikin wasu. Abin lura shi ne, ba a wata mujallar jami'a aka buga martanin ba. Ya fito ne a 1981, bayan rasuwarsa, a mujallar ƙungiyar naƙasassu ta UPIAS, wadda ta samo asali daga wasiƙar da shi Hunt ɗin ya aika wa jaridar Guardian a 1972.

Ita wannan ƙungiya ce ta fitar da takardar manufofinta a 1976, inda ta bambanta tawayar jiki da naƙasa. Tawaya tana jikin mutum, naƙasa kuwa al'umma ce take ɗora masa ita ta hanyar gine-gine da dokoki da ɗabi'un da suke mayar da shi saniyar ware. Mike Oliver, wanda shi ma yake amfani da keken guragu, ya ɗauki wannan tunani ya shiga da shi aji a Jami'ar Kent domin ya fahimtar da ɗalibansa na babban digiri, sannan ya yi masa suna a littafinsa na 1983. Ke nan tun farko ɗalibai suna cikin lamarin, sai dai a matsayin masu saurare.

Daga nan mujallu suka fara bayyana. Len Barton ya kafa Disability, Handicap and Society a 1986, aka sauya mata suna zuwa Disability and Society a 1994. A Amurka kuwa Irving Zola ya daɗe yana riƙe da Disability Studies Quarterly. Jami'ar Illinois da ke Shikago ta fara bayar da digiri na uku a fagen a 1998.

A ganin mai wannan bincike, a nan ne wata sabuwar matsala ta kunno kai. Da fagen ya zauna da gindinsa a jami'a, sai ya gaji dokokin jami'a. Ɗalibi ba ya samun aikin koyarwa ko tallafin bincike sai ya nuna abin da ya wallafa, manyan mujallu kuwa sun fi sabawa da sunayen da aka riga aka sani. Maƙala takan yi watanni a hannun masu tantancewa. Idan ɗalibin makaho ne, ko kurma, ko mai ciwon da yake kwantar da shi lokaci zuwa lokaci, to wa'adin gyara da aka yanka bisa ƙarfin mai cikakkiyar lafiya yakan zame masa wani shingen. Wato fagen da aka gina a kan ƙorafin an hana naƙasasshe magana, shi ma ya soma samun masu magana da masu jiran izini.

Misalin da ya fi fitowa fili na yadda ɗalibai suka tunkari wannan matsala shi ne na Jami'ar York da ke Toronto ta ƙasar Kanada. Jami'ar ta buɗe shirin digiri na biyu a fagen a 2003, na uku kuma a 2007. A 2009 ɗaliban shirin suka fitar da mujallarsu mai suna Critical Disability Discourses, wadda aka tsara ta karɓi rubutu da Ingilishi da Faransanci. Ɗalibai ne suka riƙe aikin edita, aka kuma sanya ta a intanet kyauta. Wannan batu na kyauta ba ƙaramin abu ba ne, ganin cewa yawancin mutanen da ake rubutu a kansu ba su da katin ɗakin karatun jami'a, balle kuɗin sayen maƙala guda.

Duk da haka bai kamata a zuzuta abin fiye da kima ba. Mujallar ɗalibai tana rayuwa ne a kan aikin sa-kai, kuma editocinta sukan kammala karatu su tafi bayan shekara biyu ko uku, sai a koma neman wasu. Haka nan kwamitocin ɗaukar malamai ba lallai ne su ba maƙalar da ta fito a cikinta nauyin da suke ba ta babbar mujalla ba. Mai wannan bincike ya lura cewa a nan gida ko wannan matakin ba a cika kaiwa ba: kundaye da dama a kan bara da makanta da kuturta suna jibge a kantocin sassa, kwafi uku ko huɗu, ba tare da an mayar da ko ɗaya zuwa rubutun makafi ba.