Jan fenti a bangon gida: daga kumandan zuwa magajin gari

In kun ga ma'aikatan magajin gari sun shafa jan fenti a katangar wani, wai ta ci hanya, ko sun rubuta ma mai gida tara saboda ruwan wankansa na kwarara a rariya, to wannan iko ba yau ya fara ba.

Zamanin Turawan Faransa, abin a hannun kumandan yake. Akwai dokar da suka kira andijena, wadda ta ba shi damar cin talaka tara ko kulle shi har kwana 15 ba tare da an je gaban alƙali ba. Ƙazantar gida da ta ƙofar gida na cikin laifukan. Sarki da masu unguwa su ne ƴan aike, gardi na biye da bulala. Sai cikin 1946 aka soke wannan doka.

Maraɗi ce ta fi kowa sanin ƙarfin wannan hannu. Tsohon garin a cikin fadamar gulbi yake. Da ruwa ya ci shi cikin 1945, Turawa suka tashi mutane suka maida su kan tudu, suka ja layuka miƙaƙƙu, kowa da iyakar filinsa. Daga nan ne Bamarade ya fara sanin cewa katangarsa na da layin da ba ta ƙetarewa, kuma ba maƙwabci ko mai unguwa ke faɗin layin ba, takarda ce a ofis.

Bayan ƴancin kai na 1960 takardar nan ta ƙara nauyi. Hukuma ke yanka filaye, ta ba mai saye takardar sayarwa da sharaɗin ya gina cikin wa'adi, in ba haka ba tana iya karɓe abinta. Cikin Maris na 1993 kuma aka fito da dokar tsabtar jama'a, wadda ma'aikatan tsabta suka riƙa dogara da ita in sun zo duba salanga da ramin ruwan wanka.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Sayar da fili ya zama babbar hanyar samun kuɗin ma'aikatun magajin gari. A farkon shekarun 2000 har bashin albashin ma'aikatan gwamnati an biya da filaye. To wanda ke cin abinci da yanka fili, yaya zai tsaya tantance inda ruwa ke bi? Dubi dajin dogon yaro da aka fara dasawa kewayen Yamai tun 1965 don kare birnin. Da yawan waɗanda suka yi gini a cikinsa, in an zo tashinsu, takarda suke fiddowa mai hatimi.

Zaɓen ƙananan hukumomi na Yulin 2004 ya kawo wani sauyi. Magajin gari ya zama mai neman ƙuri'a, mai gidan da za a rushe ma katanga kuwa mai jefa ta ne, shi da iyalinsa. Shi ya sa aka fi ganin gargaɗi, sammaci, a je wurin mai unguwa, a roƙa, a rage tara, magana ta mutu. Manyan rusau galibi daga sama suke zuwa. Na Yamai cikin 2016, da aka kwashe shaguna da rumfunan bakin titi, gwamna Hamidu Garba ne ya ja shi, ba ƴan majalisar birni ba.

Cikin Satumbar 2020 kogin Kwara ya kai wajen mita 7 a Yamai, ya fasa madatsa ya shiga Lamorde da unguwannin Harobanda. Aka sake maganar hana gini a hanyar ruwa, irin wadda aka yi a Maraɗi shekara 75 kafin nan. Da ruwa ya janye, da yawa suka koma kangayensu, don fili kusa da kasuwa da wurin aiki ba a samunsa da sauƙi.

Tun Afrilun 2024 an rusa majalisun da aka zaɓa, an naɗa wakilai su riƙe Yamai, Damagaram, Maraɗi, Tawa da sauran ƙananan hukumomi. Mai sa hannu kan takardar tashi yanzu ba ya jiran ƙuri'ar mai gidan.