Abin da "Saura Ƙiris" Ya Koya Mana a Sararin Sama

Duk wanda ya daɗe a harkar jiragen sama ya san cewa yawancin dokokinmu sai da aka yi jana'iza kafin a rubuta su. A Amurka, kafin 1958, sojoji da farar hula kowa gashin kansa yake ci a sama ɗaya. A watan Afrilun shekarar, jirgin soja F-100 da ke atisaye daga sansanin Nellis ya yi karo da jirgin fasinja na United kusa da Las Vegas, mutum 49 suka mutu. Bayan wata guda, jirgin horo T-33 ya afka wa jirgin fasinja na Capital a Maryland. A watan Agusta Shugaba Eisenhower ya sa hannu kan dokar da ta damƙa ragamar sararin ƙasar ga hukuma guda, wadda ta zama FAA.

Manyan jiragen fasinja ne suka fi cin moriyar gyaran, domin sun koma ƙarƙashin idon rada. Mai ƙaramin jirgi kuwa an bar shi da tsohuwar ƙa'ida: buɗe ido, in ka gani ka kauce. Ƙasa da ƙafa 10,000 doka ta hana wuce kimanin kilomita 460 a awa, amma an keɓe wa sojoji hanyoyin atisaye inda suke zarce haka, kuma ba a hana farar hula ratsa su ba. FAA da kanta ta ƙiyasta cewa matuƙi na buƙatar daƙiƙa 12.5 daga hango jirgi zuwa kauce masa. A ce jirgin soja na gudun kilomita 780, ƙaramin na 180, sun nufo juna: cikin waɗannan daƙiƙoƙi sun cinye fiye da kilomita uku. Abin da ya fi muni, jirgin da zai buge ka ba ya motsi a gilashinka. Yana nan tsaye kamar kashin ƙuda, sai a daƙiƙar ƙarshe ya cika tagar.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A 2000 jirgin soja F-16 ya yi karo da ƙaramin jirgi Cessna kusa da Bradenton a Florida. A 2005 jirgin horo T-37 ya haɗu da jirgin feshin gona a Oklahoma. A 2015 wani F-16 ya tarwatsa Cessna a Moncks Corner, uba da ɗansa suka rasu. A duka ukun sojojin sun tsira da lema, farar hular ne suka mutu. Kujerar da ke cilla matuƙi waje, ɓangare ɗaya ne kawai ke da ita.

Shi ya sa nake ganin babban ci gaban wannan fage shi ne koyon sauraron waɗanda suka tsallake rijiya da baya. A Amurka, giftawar da ba ta kai tazarar ƙafa 500 ba ana lissafa ta a matsayin saura ƙiris. Tun 1976 NASA ke karɓar rahotannin matuƙa a asirce, kuma an zaɓe ta ne don ba ta da ikon hukunta kowa. Birtaniya ta kafa UK Airprox Board a 1999, inda soja da farar hula ke zama teburi ɗaya, ba don ɗora laifi ba, sai don gano inda hanyoyi ke cin karo da kuma yaushe.

Wasu na cewa a raba sararin kawai. Amma filin atisaye yana da faɗin gaske. Rufe shi na nufin toshe hanyar mai feshi, mai ɗaukar marar lafiya da ɗalibin tuƙi. Wasu kuma sun dogara ga ADS-B, na'urar da ke shelanta inda jirgi yake, wadda ta zama tilas a Amurka a 2020. Tana taimakawa ƙwarai, sai dai tilascin bai shafi ko'ina ba, kuma an yarje wa sojoji su kashe ta a wasu ayyuka. Na'ura tana nuna jirgin da ke gabanka yanzu. Rahoto kuwa yana nuna mahaɗar da za ta ci rai baɗi. Matuƙin da ya sha da ƙyar ya sauka ya yi shiru, ya bar ramin a buɗe ga na bayansa.